Anya likitan waya zai iya raba mutum da ƙwaya?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, kuma ina roƙon kar a fara mana wa'azi, wa'azin an yi shi a gida har an gaji. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, tana ɗakin mijinta da yara biyu. Tun da aka yi mata tiyata a haihuwarta ta biyu aka ba ta taramol sbd ciwo, to daga nan fa abu ya zarce, ciwo ya warke magani bai tsaya ba, yanzu in ba ta sha ba ko girki ba ta iya ɗorawa, jiki ya yi ta ciwo, ga hamma ga hawaye ga zufa ga faɗa da kowa, in ta samu sirof ma haɗawa take. Na yi na yi mu je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ta ce wlh gara ta mutu da a gan ta a layin nan gobe dangin miji su ji. Sai wata ƙawata ta ba ni labarin wata likita da ke duba mutane ta waya, bidiyo kol ake yi, tana ganin masu shaye-shaye, tana ganin matsalolin mata, har da ciwon da ya taso wa mutum cikin dare. Ƙanwar tawa ta yarda da wannan, kuma shi ne karon farko da na ji ta ce to. Tambayata anya ana raba mutum da ƙwaya ta waya? Ko kuɗinmu kawai za a ci?

Baban Walid: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya Hajiya. Ni dai gsky ban yarda da harkar nan ba. Likitan da bai taɓa jikinka ba, bai ɗora maka abin awo a ƙirji ba, ta ina zai san abin da ke damunka? Kuma mai shaye-shaye ko a gabanka yake sai ya rantse bai sha ba alhali ya sha, balle ta waya. Ku dai ku kama ta ku kai ta inda za a tsare ta wata uku jininta ya wanke.

Hajiya Babba: Allah ya yaye mata. 'Yata ku dage da addu'a, sannan mijin ya sani kuwa? Don ba a ɓoye wa miji irin wannan.

Maman Ilham: Hajiya bai sani ba tukuna, yana dai ganin ta canza.

Wanda Ya Tsira: Baban Walid dan girman Allah ka janye maganar kamawa. Ni nan da kake gani an kama ni an kai ni irin wajen da kake faɗa, mari a ƙafa, duka safe da yamma, abinci sau ɗaya, kuma iyayena kuɗi suka biya da zuciya ɗaya suna ganin gyara ni ake. Na fito jiki ya bushe kam amma abin da ke kaina yana nan daram, ban jima ba na koma. Kun manta Rigasa a 2019 da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa, har da yara ƙanana? Irin waɗannan gidajen ne fa. Sannan abin da mutane ba su sani ba, wanda aka tsare ya daɗe bai sha ba jikinsa ya manta, ranar da ya fito ya sha adadin da ya saba sha da, shi ke nan numfashi ya tsaya. Abokina haka ya tafi, Allah ya jiƙansa. Abin da ya taimake ni ni shi ne na samu wanda zan faɗa wa gaskiya duk sati ba tare da ya zage ni ba, har ranar da na zame na sha na faɗa masa bai kore ni ba. In waya za ta ba ta wannan to wlh ku gwada.

Baban Walid: Allah ya jiƙansa. Ni ba gidan mari nake nufi ba, asibiti nake nufi.

Dakta Sani: Maman Ilham sannu da ƙoƙari, ba kowace yaya ce za ta tsaya haka ba. Ni ɓangaren ƙwaƙwalwa nake aiki kuma ina ganin wasu marasa lafiyata ta waya, bari in faɗa miki yadda abin yake.

Rabin aikinmu a wannan ciwon magana ce. Me take sha, guda nawa a rana, tun yaushe, da me take haɗawa, tana barci, tana cin abinci, akwai damuwa a ƙasa, ta taɓa tunanin kashe kanta, wa ke kawo mata, wane lokaci ne sha'awar ta fi taso mata. Duk wannan ana yinsa ta bidiyo ba tare da an rasa komai ba, wani lokacin ma mace ta fi sakin baki in tana ɗakinta ƙofa a rufe fiye da a ofis inda ɗalibai uku ke tsaye a kanta. Bibiya kuma, wato a riƙa jin ta duk sati, nan waya ta fi ƙarfi don da yawa suna zuwa asibiti sau ɗaya su ɓace sbd kuɗin mota da layi da kunya.

Amma akwai inda waya ta tsaya. Taramol ba kamar sauran 'yan uwansa ba ne, in an sha da yawa yana kawo jijjiga kamar farfaɗiya. In tana haɗawa da magungunan sa barci irin su rochi ko diyazefam to yanke su rana ɗaya ma kansa yana iya kawo jijjiga, a hankali ake ragewa bisa tsari. Don haka in ta taɓa faɗuwa tana jijjiga, ko tana haɗa abubuwa da yawa, ko tana maganar mutuwa da gaske, likitar kirki za ta ce muku sai an gan ta ido da ido, wataƙila ma a kwantar da ita na ɗan lokaci. Maganar da ta yi ta gara ta mutu, ki faɗa wa likitar ita ma, kar ki ɗauke ta a matsayin maganar fushi kawai.

Maman Ilham: Na gode Dakta. Ba ta taɓa faɗuwa ba dai a sanina. Zan faɗa mata maganar.

Ɗan Fagge Famasis: Ni ta ɓangaren magani zan yi magana tunda kullum ina gani a kanta. Mutum zai shigo ya miƙo min waya, hoton takarda a WhatsApp, ba suna ba hatimi ba lamba, wai likitan onlayin ne ya rubuta masa fenta, allurar kashe ciwo mai ƙarfi, ko diyazefam kwali guda. Wannan ba likita ba ne dila ne. Hajiya kafin ki tura ko sisi ki tambayi cikakken sunanta da lambar rajistarta ta MDCN, hukumar da ke yi wa likitoci rajista a Najeriya, da asibitin da take aiki ko take tura mutane, likitan gaske ba ya jin haushin wannan tambayar. Duk wanda ya ce miki yana da wani haɗi na musamman da zai wanke jini cikin kwana bakwai ki turo kuɗi a aiko miki ta tasha, ki toshe lambarsa.

Kuma ki duba sacet ɗin da take sha. Wanda aka yarda da shi a ƙasar nan 50 ne da 100, amma na kasuwa za ki ga 200, 225 har 250, shigo da su ake ta bayan fage kuma ba wanda zai rantse miki abin da ke ciki. Ki ɗauki hotonsa gaba da baya ki nuna wa likitar.

'Yar Jami'a: Wai ba an hana kodin ba tun tuni? Ta ina suke samu

Ɗan Fagge Famasis: An hana haɗawa da shigo da sirof mai kodin a watan Mayun 2018, bayan binciken nan na BBC ya fito. Abin da ya biyo baya kwalba ta yi tsada, ta koma ƙarƙashin kanta, waɗanda ba su iya saye suka koma ƙwayoyi. An rufe famfo ne ba a yi wa masu ƙishin komai ba.

Dakta Sani: Kuma masu shan ba kaɗan ba ne. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, miliyan 4.6 daga ciki irin su taramol da kodin ne, kuma duk mutum huɗu ɗaya mace ce. To ku zo asibiti ku ƙirga matan da ke layinmu ku gani ko sun kai haka, ba su kai ko kusa ba. Suna cikin gidaje. Mu kuma likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba mu kai 300 ba. Asibitocin tarayya na wannan fannin a Arewa 'yan kaɗan ne, irin su na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato da na Maiduguri, sai sassan da ke asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano. Matar da ke ƙauyen Jigawa ko Zamfara yaushe za ta zo duk sati?

Bakano a Houston: Salam jama'a. Ni nas ne a nan Amurka, bari in ba ku yadda aka yi a nan don muhawarar da kuke yi an yi ta sosai. Da can akwai doka ta 2008 da ta ce ba a rubuta irin waɗannan magunguna masu tsaro ta intanet sai likita ya taɓa ganin mutum ido da ido, an yi ta ne bayan wani matashi ya mutu da ƙwayar da ya saya ta intanet. Da korona ta zo a Maris 2020 aka sassauta, aka ce likita zai iya fara ba mutum bufrenofin ta bidiyo ko ma ta kiran waya. Shi bufrenofin magani ne da ake sawa ƙarƙashin harshe, yana zama a wajen da ƙwayar ke zama a ƙwaƙwalwa, ya kashe ciwon jikin da sha'awar ba tare da ya bugar da mutum kamar ita ba, mutum ya tashi ya tafi aikinsa. Mutane da yawa sun ce za a yi ɓarna, amma binciken da aka yi daga baya ya nuna waɗanda aka bi ta waya sun fi daɗewa a kan magani kuma haɗarin shan da ya wuce kima ya ragu a cikinsu. A lokacin fa mutum sama da dubu 100 ke mutuwa a shekara a nan sbd ƙwaya. Ƙarshen 2022 aka cire izini na musamman da likita ke nema kafin ya rubuta bufrenofin, a 2023 kuma aka yarda a sayar da nalokson, wanda ake fesawa a hanci a farfaɗo da wanda numfashinsa ke tsayawa, ba tare da takardar likita ba.

Yanzu akwai likitoci da yawa a nan da aikinsu kenan daga ɗakinsu, safe su ga mai shaye-shaye, rana su ga mace mai neman maganin tazarar haihuwa ko ciwon mafitsara, yamma su ga mai mura ko ƙurji. Amma ba sakaka ake yi ba, sai likita yana da lasisin jihar da marar lafiyar yake zaune, takardar magani kai tsaye take tafiya famasi ta kwamfuta ba ta hannun marar lafiya ba, ana tura mutum gwajin fitsari, kuma farkon abin da ake tambayarka adireshin da kake a lokacin don in ka faɗi a kira maka 911, lambar agajin gaggawa. Ɓarnar ma an yi, a 2024 an kama shugabannin wani kamfani da ake zargi da raba ƙwayoyi ta wannan hanyar kamar gyaɗa.

Baban Walid: To ka ji. Can akwai 911 mota ta zo cikin minti kaɗan. Nan in ta faɗi tana bidiyo kol wa zai zo?

Dakta Sani: Wannan tambayar taka gaskiya ce Baban Walid. Shi ya sa ni ba na fara ganin mutum ta waya sai na san unguwar da yake, asibiti mafi kusa da shi, da lambar mutum ɗaya a gidan da zan kira. A nan Maman Ilham ce wannan mutumin. Kuma Bakano, shi bufrenofin ɗin a nan ba abin da za ka shiga kemis ka samu ba ne, yawanci ragewa muke a hankali muna ba da magungunan da ke sauƙaƙa ciwon jiki da gudawa da rashin barci, ga zaman tattaunawa. Don haka kar wani ya karanta bayaninka ya tafi kasuwa nema.

Maman Ilham: Akwai abin da ban faɗa ba don ban ɗauka yana da alaƙa ba. Ta ce min wata biyu kenan ba ta ga al'adarta ba, amma ta ce ƙwayar ce ke rikita mata.

Sista Ladi: Innalillahi. Maman Ilham wannan ai shi ne babbar maganar. Yau ɗin nan ki sayi abin gwajin ciki a kemis ta gwada da fitsarin safe. Eh ƙwayar tana rikita al'ada amma ba a zama a kan zato.

Dakta Sani: Ki saurare ni da kyau Hajiya. In ciki ne, kar ta yanke sha rana ɗaya don tsoro, kuma kar kowa ya tilasta mata. Yankewa farat ɗaya yana iya jawo ɓari ko naƙuda kafin lokaci. Wannan sai likitan mata da na ƙwaƙwalwa sun haɗa hannu, kuma dole a san da maganar a inda za ta haihu don jaririn yana iya fitowa da alamun rashin ƙwayar, kuka mai tsanani da rawar jiki da ƙin kama nono, ana kula da shi ya warware in an san abin da ake nema. Ku yi kiran da likitar, amma ki sa maganar cikin a farko.

Hajiya Babba: To yanzu kam dole miji ya ji. Ciki nasa ne.

'Yar Jami'a: Hajiya da girmanki, amma in ya ji ya sake ta fa? Mun ga an yi. Mace da ciki da yara biyu da ciwo a koro ta gida, sannan ne ma za ta ƙara shan. Namiji in yana sha cewa ake a yi masa aure zai nutsu, mace kuwa takarda ce.

Hajiya Babba: 'Yata ban ƙi taki ba, na ga irinsa ni ma. Amma in ya ji a bakin wani ko ya tsinci sacet a ƙarƙashin katifa ya fi muni. A samu babba a dangi mai hankali ya zaunar da shi, a ce masa daga maganin asibiti abin ya samo asali, ba yawon banza ta je ba.

Wanda Ya Tsira: Hajiya ko da a yawon banza aka samo ciwo ne dai. Amma na yarda a bar ta ita ta zaɓi ranar da wanda zai faɗa.

Dakta Sani: Likita ba ta da hurumin kiran miji ta faɗa masa ba da yardar marar lafiya ba, sai in rai na cikin haɗari. Abin da muke yi shi ne mu shirya ta, in ta amince a yi wani kiran da shi a zaune, likita ta yi masa bayani da bakinta. Maza da yawa in suka ji daga likita cewa ciwo ne mai magani suna saukowa. Kuma ki tambayi likitar ko tana naɗar kiran da inda take ajiye bayanai, akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, haƙƙinku ne ku sani. Ita ma ƙanwar taki ta yi kiran da wayar da ba yara ke wasa da ita ba.

Sista Ladi: Tunda an shigo ɓangarena bari in yi magana, ni ungozoma ce shekaru da yawa a ɗakin haihuwa. Ina son harkar wayar nan ga mata fiye da yadda kuke zato, don akwai tambayoyin da mace za ta shekara da su a ciki ba ta iya yi. Wace hanyar tazara ce ta dace da mai shayarwa, allura ko ƙwaya ko ashanar hannu, me ya sa take ganin ɗigon jini bayan ta sa, zafi lokacin kwanciya, nono ya kumbura, ko wadda ta haihu take ta kuka ba dalili ba ta son ɗaukar jaririn ana ce mata aljanu ne ko rashin godiya alhali ciwon damuwa ne na bayan haihuwa kuma yana da magani. Sai uwa uba sanyi. Kowace mace a Arewa an ce mata tana da sanyi, duk ruwan da ta gani sanyi, ta sha kwalin maganin kashe ƙwayoyin cuta ta ƙara da na gargajiya ta yi matsi da abin da ba ta san me ne ba, alhali wani ruwan lafiya ne ba ciwo ba. Minti goma da likita ta waya zai hana wannan ɓarnar, in ana buƙatar gwaji ta tura ta lab.

Amma ku riƙe waɗannan, ba a kiran waya a kansu, mota ake nema. Mai ciki ta ga jini. Mai ciki da ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi ko fuska da hannu sun kumbura, wannan hanyar jijjiga ce. Wadda ta yi ɓatan wata sai ga ciwon mara mai tsanani a gefe ɗaya da jiri, yana iya zama ciki a wajen mahaifa kuma in ya fashe jini a ciki yake zuba ba a gani. Yaro ya daina motsi. Wadda ta haihu jini ya ƙi tsayawa ko zazzaɓi da wari. Maganar jini ma, mu da muke tsaye a kan mace ido yana yaudararmu, shi ya sa a binciken E-MOTIVE da aka buga a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa, aka riƙa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa don a san adadin da ya zuba a fara magani da wuri, kuma mummunan zubar jini da abin da yake jawowa ya ragu da kusan kashi 60 cikin 100. To in ido a ɗaki bai iya ƙiyasta jini ba, kyamarar waya ce za ta iya? Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 mata 1,047 ne ke mutuwa cikin duk haihuwa dubu 100 a ƙasar nan, kuma yawancinsu jinkiri ne ke kashe su. Tsorona ɗaya kar waya ta zama wani sabon dalilin jinkiri, maigida ya ce ai an kira likita a jira zuwa safe.

Na Maraɗi: Gaisuwa gare ku daga Nijar. Mu ma taramol ya yi muna ɓarna ƙwarai, 'yan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi har da mata. Amma ku na birni kuna maganar bidiyo, mu a ƙauyukanmu rezo sai an hau tudu, kuma wayar ta maigida ce yana fita da ita. Wanga tsari sai dai in lokotoro zai yarda da kira na murya, ko a aje waya guda a gidan likita na ƙauye mata su riƙa zuwa ana haɗa su da babban likita na birni.

Sista Ladi: Na Maraɗi wannan na biyun shi ne daidai wlh, don ma'aikaciyar da ke wajen za ta auna jini ta taɓa ciki ta faɗa wa likita abin da hannunta ya ji.

Maman Ilham: 'Yan uwa na dawo. Gwaji ya nuna ciki ne. Mun yi kiran jiya da daddare bayan na tambayi lambar rajistarta kamar yadda Famasis ya ce, ta turo ba musu. Ta daɗe da ita sosai, ni ma ta sa na fita daga ɗakin wani lokacin. Ba ta rubuta mata ko ƙwaya ɗaya ba, ta ce kar ta yanke kuma kar ta ƙara, ta daina haɗawa da sirof, ta rubuta duk abin da ta sha a takarda da lokacinsa, sannan ta turo mana wasiƙa zuwa wajen likitan mata a yi sikanin a fara awo, ta ce ita za ta yi magana da shi da kanta kuma za su riƙa waya duk sati. Abin da ya ba ni mamaki ƙanwar tawa ba ta yi gardama ba, ta ce layin awo ai kowa na zuwa.

Baban Walid: Alhamdulillah. Amma kun ga dai ƙarshenta asibitin aka koma, abin da na faɗa tun farko.

Wanda Ya Tsira: Da ƙafarta za ta je Baban Walid, ba a ɗaure ba, kuma ta riga ta faɗi gaskiya kafin ta isa. Da bambanci.

Baban Walid: Na yarda da wannan. Allah ya raba lafiya.

Hajiya Babba: Amin. Maganar mijin dai kar a bari ta yi nisa.

Abban Sadiq: Afuwan na shigo a makare. Ni tambayata ɓangaren ciwon dare ne, yaro ya tashi da zazzaɓi ƙarfe biyu, unguwarmu ba a fita da daddare sbd tsaro. Irin wannan kiran yana da amfani ko ɓata kati ne?

Dakta Sani: Yana da amfani Abban Sadiq, amfaninsa a raba maka wanda zai iya kaiwa safe da wanda ba zai kai ba. Likita zai ce ka ɗaga rigar yaron ya ga yadda ƙirjinsa ke shiga, ya sa ka ƙirga numfashi, ya tambayi shekarunsa da nauyinsa ya faɗa maka adadin farasitamol daidai, in gudawa ce ya koya maka haɗa ruwan gishiri da sukari da yadda za ka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Amma yaron da ke jijjiga, ko ya ƙi shan komai, ko yana aman duk abin da aka ba shi, ko ba ya farkawa sosai, ko jaririn da bai kai wata uku ba ya yi zazzaɓi, wannan ko dokar hana fita aka sa sai an nemi hanya. Haka babba mai ciwon ƙirji da zufa, ko baki ya karkace hannu ya saki magana ta sarƙe, ko saran maciji. Kuma likitan da ya ce maka maleriya da taifod ne ta waya ba gwaji ya jero maka allurai, ka canza likita. Ku ajiye ma'aunin zafi a gida, ba shi da tsada, in ka ce min 39 na fi gane ka fiye da jikinsa ya yi zafi rau.

Abban Sadiq: Na gode Dakta. Na'urar awon hawan jini fa, matata na da ciki wata shida, wacce iri zan saya?

Sista Ladi: Ta damtse za ka saya ba ta wuyan hannu ba, ka kai ta wajen awo a gwada ta da tasu a ga ko suna tafiya daidai. Ta zauna ta huta minti biyar kafin a auna, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba ta magana. In ka ga 140 bisa 90 ko sama ka sake aunawa, in ya maimaita ku je asibiti a ranar. In ya kai 160 bisa 110, ko da ciwon kai ko gani dishi-dishi ko da lambar ba ta kai haka ba, kar ka tsaya kiran kowa, ku kama hanya ka yi kiran a mota. Kuma ta ci gaba da zuwa awonta, na'urar ba ta jin bugun zuciyar yaro.